Tsagewar leɓe da ganɗa: yaushe take faruwa, kuma wa ake ɗora wa laifin?

Idan aka haifi jariri da tsagaggen leɓe a ƙauye, kafin a binne mabiyiya an fara shari'a. Wata ta ce ai an sha hana ta fita da almuru. Wata ta tuno ranar da aka gan ta a bakin rafi ita kaɗai da tsohon ciki. Wata kuma ta ce wani mai lalura ta yi wa dariya, ga shi abin ya dawo mata gida. Uwar miji ko ba ta furta ba, fuskarta ta isa: mu dai babu wannan a danginmu. Duk waɗannan zarge-zargen sun faɗi ne tun a wajen lissafi. Abubuwan da ake jerowa kusan duk sun faru ne bayan ciki ya fito fili, yana wata 5 ko wata 7, alhali leɓen jariri ya riga ya haɗe, ko ya kasa haɗewa, tun cikin bai cika wata 2 ba, lokacin da ita kanta matar ba ta wuce zargin ɓatan wata ba.

A mako na 4 da shigar ciki, tsawon ɗan tayi bai wuce milimita 5 ba, kuma ba shi da abin da za a kira fuska. Ɗan rami ne a inda baki zai kasance, da tudun nama 5 kewaye da shi: ɗaya a sama, 2 a gefe da gefe, 2 a ƙasa. Na saman shi ne zai zama goshi da karan hanci da tsakiyar leɓen sama, har da guntun dasashin da haƙoran gaba 4 za su fito. Na gefen su ba da kumatu da muƙamuƙin sama da sauran leɓen. Na ƙasan su ba da haɓa da leɓen ƙasa, kuma su ne ke fara haɗewa, shi ya sa da wuya ƙwarai ka ga wanda aka haifa da tsaga a leɓen ƙasa. Tsakanin mako na 4 da na 7 waɗannan tudun suke girma su matso juna, fatar da ke tsakaninsu ta narke, naman ya zama ɗaya. Kowa ya duba madubi zai ga shaidar aikin: ɗan kwarin nan da ke tsakanin hanci da leɓe, mai layi a kowane gefe, a wajejen nan aka yi haɗin. Wannan ne dalilin da tsagar ba ta cika zuwa a tsakiya ba. Tana bin ƙarƙashin kafar hanci ɗaya, galibi ta hagu, wani lokaci kuma duka biyun.

Ganɗa aikinta daban, kuma daga baya take zuwa, daga mako na 6 har zuwa kusan cikar wata 3. Wanda ya taɓa tsayawa yana kallon maginin gargajiya na ɗaura bakan soro ya san yadda ake fito da azara daga bangon nan, a fito da wata daga wancan, ana ƙara musu tsawo har su gamu a tsakiya su riƙe rufin. Haka rufin baki yake, sai dai da ƙarin wahala ɗaya. Ɓangarorin biyu da farko ƙasa suke yi, suna rataye a gefen harshe, don harshen ya cika wajen. Sai muƙamuƙin ƙasa ya yi tsawo, harshe ya sauka, sannan su ɗago su miƙe a samansa su haɗe, daga gaba zuwa baya, belu ne ƙarshe. Duk inda aikin ya tsaya, daga nan zuwa baya a buɗe za a haifi yaron, baki da hanci sun zama ɗaki ɗaya. Tunda lokacin leɓe da na ganɗa ba ɗaya ba ne, ana samun mai tsagar leɓe kaɗai, da mai duka biyun, da kuma mai leɓe lafiya ƙalau amma ganɗa a tsage. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi ba ni tsoro, don shi ake wa barka a watse babu wanda ya lura.

A duniya ana ƙiyasta cewa cikin haihuwa 700 ana samun ɗaya mai irin wannan tsaga. Ta leɓe ta fi yawa ga maza, ta ganɗa kaɗai ta fi yawa ga mata.

To me ke hana haɗewar? Mu nan gadon da muka fi sani shi ne na sikila, inda lissafin yake a fili: AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi SS. Mutane sukan ɗauko wannan ma'aunin su ɗora wa tsagewar leɓe, kuma bai dace da ita ba. Kusan kashi 70 cikin 100 na masu tsagar leɓe ba su da wata lalura bayanta, kuma a wajensu ba ƙwayar gado ɗaya ce ta lalace ba. Ƙananan bambance-bambance ne masu yawa, wasu daga uwa wasu daga uba, kowannensu shi kaɗai ba ya komai, sai sun taru sun kuma haɗu da wani yanayi a cikin mahaifa. Tagwaye masu kama ɗaya sun nuna haka. Ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne, amma idan Hassan yana da tsagar, kusan rabin lokaci ne kawai ake samunta ga Husaini. Da gado ne zalla da ba za a sami wannan bambancin ba, da kuma babu gado a ciki da adadin bai kai haka ba. Ga iyayen da su kansu ba su da ita, suka haifi ɗa ɗaya mai ita, yiwuwar ta maimaitu a ciki na gaba tana wajen kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Mutumin da ya saki matarsa kan wannan ya yi asara biyu, don rabin abin da yake gudu yana jikinsa, da shi zai shiga ɗakin amarya.

Daga ɓangaren yanayi, abubuwan da bincike ya fi tabbatarwa su ne hayaƙin taba, ciwon suga da mace ta shiga ciki da shi ba a daidaita ba, da wasu magungunan farfaɗiya, irin su valproate da phenytoin da phenobarbitone da topiramate, kamar yadda ake rubuta su a jikin kwali. A nan sai an yi hattara. Mai farfaɗiya kada ta ji wannan ta ajiye maganinta, faɗuwa da ciki ta fi haɗari. Abin yi shi ne a je wa likita tun kafin a ɗauki cikin, ya duba ko za a sauya. Sai folik asid, ƙaramar ƙwayar nan da ake bayarwa wajen awo. Amfaninta wajen kare lakar baya da ƙwaƙwalwar jariri tabbatacce ne, a kan tsagewar leɓe kuwa hujjar ba ta kai wancan ƙarfi ba, ko da yake ta karkata ga cewa tana ragewa. Matsalar ita ce matanmu na karkara sai ciki ya kai wata 4 ko 5 suke fara zuwa awo, in ma an bar su sun je, lokacin fuska ta daɗe da kammala. In ana son ƙwayar ta yi wannan aikin, tun kafin ciki ake fara sha. Auren zumunci kuma, wanda ake yawan tambaya a kansa, yana ƙara yiwuwar wasu cututtukan gado da sai ƙwaya iri ɗaya ta zo daga uwa da uba, amma a kan tsagar leɓe ta yau da kullum sakamakon bincike bai tsaya kan magana ɗaya ba.

Sauran kason, wato kusan kashi 30 na masu tsagar leɓe da kusan rabin masu tsagar ganɗa kaɗai, tsagar alama ce ta wani abu mafi faɗi. Dalili kuwa shi ne ƙwayoyin halittar da ke gina ƙasusuwan fuska baƙi ne, daga gefen inda ƙwaƙwalwa da laka ke tsirowa suke ƙaura su gangaro gaba, kuma 'yan uwansu ne ke da hannu wajen gina ƙasusuwan cikin kunne da manyan hanyoyin jinin da ke fita daga zuciya. In tafiyar ta sami tangarɗa, ba a fuska kaɗai za a gani ba. Shi ya sa likitan kirki in an kawo masa irin wannan jaririn ba bakin kawai yake dubawa ba, sai ya saurari zuciya, ya duba kunne da ido da yatsu.

Akwai wanda ake ganewa da ido in an san abin nema. A duba leɓen ƙasa na jaririn, a duba na uwa da na uba. In an ga 'yan ramuka 2 ƙanana a gefen tsakiyar leɓen, wani lokaci suna ɗan tsattsafo da miyau, to wannan ita ce lalurar Van der Woude, da sunan likitar da ta bayyana ta a 1954, kuma a 2002 aka gano ƙwayar gadon da ke jawo ta, IRF6. A nan lissafin ya sauya gaba ɗaya: duk mai ɗauke da ita, kowane ɗa da zai haifa akwai yiwuwar rabi da rabi ya gada. Uba na iya zama ramukan kawai gare shi, gemu da gashin baki sun ɓoye su, ɗansa kuma ya zo da cikakkiyar tsaga. Akwai kuma jaririn da ake haifa da 'yar ƙaramar haɓa da ta shige ciki, wanda likitan Faransa Pierre Robin ya yi bayaninsa a 1923. Muƙamuƙin ne bai yi tsawo a kan lokaci ba, harshe bai sauka ba, ya tare wa ganɗa hanya. Bayan haihuwa harshen kan koma baya ya toshe maƙogwaro, musamman in an kwantar da shi rigingine. Jaririn da ke minshari mai ƙarfi, ƙirjinsa na lotsawa, leɓensa na sauya launi, ba a jira da shi a yi suna. Lalurar Treacher Collins ba ta da yawa, kamar 1 cikin 50,000, tana shafar ƙashin kunci da kunne da fatar ido, amma ƙwaƙwalwar yawancinsu lafiya take, rashin ji ne ke sa a ɗauka ba su da fahimta. Sai wadda ake samu idan wani ɗan guntu ya ɓace daga kuromosom na 22, wato ɗaya daga cikin ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, kamar 1 cikin 4,000: matsalar ganɗa, ciwon zuciya na haihuwa, jijjiga saboda ƙarancin sinadarin kalsiyam, da yawan laulayi. Mafi yawansu ba gadonta suka yi ba, a kansu ta fara.

Duk wannan ilimi ne mai kyau, amma abin da ke kashe yaran nan a ƙauye ba ɗaya daga ciki ba ne. Yunwa ce. Tsotso yana buƙatar baki ya rufe ruf, mai tsagar ganɗa kuwa duk ya ja, iska ce ke shigowa ta hanci. Za ka gan shi ya kama nono da zafinsa, bakin na motsi kamar yana sha, ya yi gumi, ya gaji ya yi barci, bayan ɗan lokaci ya farka da kuka. Ɗan abin da ya samu ma wani ya biyo ta hanci. Nonon uwar kuma da ba a zuƙe shi sai ya fara ja baya, nan da nan a ce nononta ba shi da kyau, a shiga jiƙe-jiƙe, ko a koma ba shi ruwa da koko. Cikin kwana arba'in yaro ya zama fata da ƙashi.

Maganin wannan ba ya buƙatar kuɗi. Mai jego ta wanke hannu ta tatsa a kofi mai tsabta, ta ɗora shi a cinya a zaune, kansa a sama, ba a kwance ba. Ta riƙa kai ƙaramin cokali gefen leɓen ƙasa tana barinsa ya lasa da kansa, kada ta ɗura. In ya biyo ta hanci ta dakata ta goge, ba abin firgita ba ne. Ta riƙa ɗaga shi a kafaɗa yana gyatsa akai-akai, don yana haɗiyar iska fiye da sauran jarirai. Kaɗan-kaɗan, duk awa 2 zuwa 3, har da dare, kuma kada ciyarwa ɗaya ta wuce rabin awa, in ba haka ba ƙarfin da ya ɓatar ya fi abin da ya samu. Aiki ne da mace ɗaya ba za ta iya ba tana wankan jego, sai kaka ko kishiya ko ƙanwa ta karɓe ta. A kuma riƙa kai shi asibitin sha-ka-tafi ana ɗora shi a sikeli, don ido yana yaudara. Mai tsagar leɓe kaɗai yakan kama nono, in uwa ta toshe wajen da ɗan yatsa ko ta juya shi yadda naman nonon zai cike gurbin.

Sai maganar wanzami. A gidaje da yawa har gobe ana cire wa jariri belu a kwanakin farko. Ni ban ga amfanin wannan ga kowane jariri ba, ga zubar jini ga haɗarin tsinkau-tsinkau da sauran cututtukan da aska ke ɗauka, amma ga mai matsalar ganɗa ɓarnar ta ninka. Naman da aka yanke shi ne likita zai nema ranar ɗinki, ga tabon da zai sa wajen ya ƙanƙance. Akwai ma tsagar da ke ɓoye a ƙarƙashin fata: saman a rufe, naman da ke motsa ganɗa a rabe. Alamarta ɗaya da ake gani ita ce belu mai baki biyu. Yawancin masu irin wannan belun lafiyarsu ƙalau, amma in ya haɗu da nono na biyowa ta hanci, ko daga baya yaro na magana ta hanci, to a bincika. Wanzamin da ya buɗe bakin jariri ya ga haka, alherin da zai yi shi ne ya mayar da askarsa zabira ya ce, "Malam, wannan ba nawa ba ne, ku kai shi asibiti." In an cire belun an shafe shaidar.

Leɓe ana ɗinke shi ne yaro na wata 3 zuwa 6. Tsohuwar ƙa'idar likitocin tiyata ita ce ya kai mako 10, nauyinsa ya kai kamar kilo 4 da rabi, ƙarfin jininsa a gwajin asibiti ya kai 10. Wannan ne ya sa ake sallamo iyaye da yawa a ce su je yaro ya yi ƙiba tukuna, su kuwa su ɗauka wulaƙanci ne, bayan sun sayar da akuya sun yi kuɗin mota daga Gumel ko Sumaila. Ba wulaƙanci ba ne, ramammen jariri ba ya jure maganin sa barci. Ganɗa kuma tsakanin wata 9 da 18, kafin magana ta zauna. Kuskuren da aka fi yi a nan yake: an ɗinke leɓe, yaro ya yi kyau, 'yan uwa sun daina kallo, sai a ce ai an gama, ba a koma ba. Ganɗar da aka bari ita ce za ta hana shi furta ba da ta da ka da sa yadda ya kamata, iska na tserewa ta hanci, kuma in ya saba da hakan har ya girma, ɗinki kaɗai ba ya gyara furucin. Naman ganɗa ne kuma ke buɗe 'yar hanyar da ke tsakanin maƙogwaro da kunne, don haka yawancin yaran nan ruwa na taruwa musu a bayan dodon kunne. Yaro na makarantar allo malam na biya masa ba ya kamawa, ana dukansa a kan taurin kai, alhali ji ne ba ya yi sosai. Wajen shekara 8 zuwa 11 kuma wasu na buƙatar a cike musu gurbin dasashi da ƙashi don haƙori ya sami wajen fitowa. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana da sashen tiyatar baki da fuska, kuma ƙungiyar Smile Train, wadda aka kafa a Amurka a 1999, tana biyan kuɗin irin wannan aiki a asibitoci da dama a Najeriya, ta hannun likitocin gida. Manya ma ana yi musu. Budurwar da ta saba rufe baki da gefen mayafi ba ta makara ba.

Kada a haɗa wannan duka da cutar da ake kira noma, mai cin naman fuska, ko da yake tabon da take bari kan sa a ɗauka abu ɗaya ne. Ita ba a haihuwar yaro da ita, ba gado ba ce, ba a kuma ɗaukarta daga wani. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 take kamawa, wanda tamowa ta ci ƙarfinsa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Tana farawa da gyambo a dasashi da warin baki, kunci ya kumbura, cikin 'yan kwanaki naman ya yi baƙi ya zube. In an kama ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa. In an tsaya ana turare ana cewa iska ce, har 9 cikin 10 na iya mutuwa. Sakkwato na da asibiti na musamman dominta tun 1999, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, a Disambar 2023.

Adadin da ake ta ambatawa na masu kamuwa da noma, 140,000 a shekara a duniya, ƙiyasi ne na 1998. Wannan kaɗai ya nuna inda binciken fuska ya tsaya a wajenmu. Littattafai na cewa tsagewar leɓe ta fi ƙaranci ga 'yan Afirka, wasu su ce 1 cikin 2,500. Mai yiwuwa akwai gaskiya a ciki, amma a asibiti aka yi ƙirgar, mu kuwa a karkarar Kano da Jigawa mafi yawan haihuwa a ɗaki ake yi, kuma jaririn da yunwa ta ɗauke kafin arba'in bai shiga littafin kowa ba. A binciken ƙwayoyin gado ma haka ne: a ƙirgar da aka yi a 2016, kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan nazarce-nazarcen da su 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka ba su wuce kashi 2 zuwa 3 ba. Hatta hotunan da ake koya wa ɗaliban likitanci gane waɗannan lalurori da su galibi na 'ya'yan Turawa ne, har aka nuna cewa lalurar kuromosom na 22 ta fi wuyar ganewa a fuskar baƙar fata. Da Farfesa Azeez Butali, ɗan Najeriya da ke Jami'ar Iowa, da abokan aikinsa suka tattara samfuri daga iyalai a Najeriya da Ghana da Habasha, sun ci karo da wurare a ƙwayoyin gado masu alaƙa da tsagar ganɗa waɗanda binciken Turai bai gano ba, suka wallafa a 2019. Irin wannan aiki ɗan miyau kawai yake buƙata daga yaro da iyayensa, amma haƙƙin iyayen ne a yi musu bayani da Hausa, a gaya musu inda za a kai shi, a kuma tabbatar musu cewa ko sun ƙi za a yi wa ɗansu tiyata.

Ƙirgar kuwa ba sai an jira na'ura ba. Mutum biyu ne ke ganin kusan kowane jariri a ƙauye cikin makon farko, ungozoma da wanzami, kuma ɗayansu ma sana'arsa ce leƙa cikin bakin. A koya musu haska tocila su duba har zuwa belu, a ba su lambar ma'aikacin lafiyar mazaɓarsu, a sa mai unguwa ya riƙa rubutawa, a kuma ba wanzamin ɗan ladan duk jaririn da ya tura, tunda kuɗin cire belu ake neman ya haƙura da shi.